Jingar Fiyanon Coci: In Yafe Kuɗin Wanki?

Tambaya: Ni kafinta ne a Kaduna, sana'ata sabunta tsofaffin kujeru da kabad. Wani coci ya ba ni tsohon fiyano in sake masa fenti. Na kankare tsohon da maganin cire fenti, na ce sai na wanke katakon kafin in fesa sabo, na sa kuɗin wankin daban. Kwamitin sun ce in cire, ai katako ya fito fes. In haƙura don kada aikin ya kuɓuce?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Kada ka cire. In rangwame za ka yi musu, yi shi a kuɗin hannunka, amma wankin nan ya zauna, domin asarar da za ta biyo baya aljihunka za ta ci, ba na kwamiti ba.

Idonsu bai yi ƙarya ba, katakon ya fito. Abin da ido ba ya gani shi ne kaki. Maganin cire fenti mai ƙarfi, irin mai sinadarin methilin kulorayid, ana zuba masa kaki don kada ya bushe da wuri, kuma kakin yakan maƙale a ƙofofin katako. Ka fesa a kansa, fenti ya ƙi bushewa ko ya ɓare daga baya. Ga kuma silikon. Kayan coci sun sha man goge-goge irin su Pledge shekara da shekaru, silikon ɗinsa kuwa shi ke sa sabon fenti ya yi ƙananan ramuka kamar idon kifi. Sanfefa ba ta fitar da shi, baza shi take yi. Sai tsumma mai tsabta da tina, kana gogawa kana sauya tsumman, sau biyu ko uku. In kuma maganin da ka sa na soda ne, sai ka kashe kaifinsa da ruwan binega kaɗan, ka bar shi ya bushe sarai.

Yanzu yi lissafi. Idan fenti ya lalace, za ka sake sayen maganin cirewa, da tina, da fenti, ka sake biyan yaranka, shago kuma a cushe ba wurin karɓar wani aiki. Wa zai biya? Za su ce aikinka ne bai yi ba.

Kada ka yi musu dogon bayani. Ciro allon ƙasa, wanda ke saman feda, ka wanke rabin bayansa ka bar rabi, ka fesa, ka kira biyu daga cikinsu su gani. Ɗan fentin da za ka ɓata a nan ya fi awa guda ta gardama.

Abin da ya fi damuna a jingar taka ma ba wankin ba ne, cikin fiyanon ne. Wannan ba kabad ba ne. Madannansa 88, wayoyinsa sun haura 200, jan da suke yi gaba ɗaya ya kai kusan tan 18, kuma abin da ke riƙe da su kusoshi ne da aka matse cikin katako. Mai ko tina ya tsiyaya wurin, kusoshin su saki, sauti ya daina tsayawa, gyaran kuma ya fi ƙarfin jingarka duka. Tina tana narkar da farin madannai in na roba ne. Ruwa mai yawa yana ɗaga siririn ɓawon katakon da aka manna a jiki, saboda gam ɗin tsofaffin fiyano na fatar dabba ne, ruwa da zafi suna sake shi. Don haka kwance duk allon da ke kwancuwa ka yi aikinsa a gefe, ka rufe cikin da leda.

Kafin ka ci gaba, a rubuta takarda: aikinka jiki ne kawai, daidaita sauti na mai wannan sana'ar ne, kuma su za su biya shi. Ka sa a kaɗa kowane madanni a gaban shaida, a rubuta waɗanda suka mutu tun kafin su zo hannunka. Karɓi kafin alƙalami da zai ɗauki kuɗin kaya duka, don farashin fenti ba ya jiran kowa. Ka saka kuɗin safar hannu da takunkumi a ciki, ka yi aikin a fili: Amurka ta hana sayar wa jama'a maganin cire fenti mai methilin kulorayid tun 2019 saboda mutanen da ya kashe a ɗakuna marasa iska. Ranar miƙa aiki kuwa ka ƙara mata kwanaki, don ƙurar hunturu tana sauka kan ɗanyen fenti, laimar damina kuma tana sa shi yin fari-fari.