Tambayoyinku: Hayar motar haibirid mai caji, riba ce ko asara?

Tambaya: Malam, ina son karɓar hayar mota haibirid mai caji na shekara 3, in riƙa biya wata-wata. Dillalin ya ce da wuya in riƙa leƙa gidan mai. Sai dai a saman bene nake zaune, ba ni da inda zan jona ta da dare. In sa hannu?

Amsa: Kada ka sa hannu, Malam. Wannan magana ta daɗe tana ƙona mini rai, don haka ka gyara zama.

Motar nan ƙarfi biyu gare ta, injin fetur da batir. Ɗauki Toyota RAV4 mai caji ta 2021: batirinta kilowat-awa 18.1 ne, yana kai ta kusan kilomita 68 kafin inji ya karɓa. Wanda zirga-zirgarsa ta yini ba ta wuce haka ba, kuma yana jona ta kullum kafin ya kwanta, dillali bai yi masa ƙarya ba. Kai kuwa da ba ka da soket, batir na sauka sai ta koma haibirid ta gama-gari, wadda ba a jona ta, da fetur take tafiya, ga ƙarin nauyi tana ja, ga kuɗin haya mai tsada kana biya don abin da ba ka mora.

An gwada an gani. A 2022 cibiyoyin bincike biyu, ICCT mai nazarin sufuri da Fraunhofer ta Jamus, sun bi diddigin irin motocin nan a Turai, suka tarar man da suke sha ya ninka abin da aka rubuta a takarda sau 3 zuwa 5. Masu motar kansu kusan rabin tafiyarsu da lantarki suke yi. Motocin kamfani kuwa kashi 11 zuwa 15 cikin 100 kacal, don wanda ake biya wa mai ba ya wahalar da kansa da jan waya.

Kuma kada ka ce mini za ka riƙa zuwa tashar caji. Yawancinsu ba sa karɓar caji mai sauri, sai ka share awanni kana jira. Da yawanku wayar hannu ma sai ta kai kashi 2 kuke rarumar caja, balle mota! Abin da nake sa kowa ya yi shi ne: buɗe tarihin tafiye-tafiyenka a Google Maps, ka duba kilomita nawa kake ci a yini har mako 2, sannan ka nemo soket. In babu, karɓi haibirid marar caji, hankalinka kwance.

Tambaya: Na ga an rubuta iyakar kilomita a yarjejeniyar. Dole ne in kiyaye?

Amsa: Dole. Galibi kilomita 16,000 zuwa 24,000 ne a shekara, duk wanda ya ɗoru a kai sai ka biya ranar mayar da mota. Ka nemi a ƙara maka tun farko, ya fi sauƙi. Ka kuma haɗa kuɗin ajiya na farko, inshora da jimillar na wata-wata ka raba da watanni 36, shi ne ainihin farashin kowane wata.

Tambaya: Wayar cajin ba ta kai soket ba. In ƙara da doguwar wayar gida?

Amsa: A'a, Hajiya. Awa 8 ko fiye tana jan wuta ba tsayawa, siririyar waya za ta yi zafi ta narke. Kira mai gyaran wuta ya kafa miki soket kusa da inda kike ajiye motar.

Tambaya: Idan batirin ya raunana fa?

Amsa: Garantinsa yawanci shekara 8 ne ko kilomita 160,000, hayarka kuwa shekara 3. Ka mayar musu da kayansu kafin nan.