Shin “zango” ta dace da alamomin saukar jirgi?

Wata mai fassarar labarai daga Unguwar Rimi, nan Kaduna, ta rubuto: “Malam, akwai wuraren da tauraron ɗan'adam ke nuna wa matuƙin jirgin sama yana bi ɗaya bayan ɗaya har ya kai titin sauka. In kira su zango?”

Malama, kin yi kusa, amma da sauran gyara. Zango wurin da ayari ke sauke kaya ne a kwana, shi ya sa muke da Zangon Aya da Zangon Kataf. Wuraren da kike tambaya kuwa ba a tsayawa a kansu, ba ma a ganinsu. Lissafi ne kawai a cikin kwamfutar jirgi, wadda ke karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam masu nuna wuri, wato GPS, aƙalla huɗu da ke shawagi nisan kilomita 20,200 daga ƙasa. Ana raɗa musu suna mai haruffa biyar, mai sauƙin faɗa a rediyo. Idan kika ce jirgi ya yada zango, Bahaushe zai ɗauka ya taɓa ƙasa, fasinjoji sun fito.

Ni dai na fi son “alamar hanya”. Ba ta da armashi, na sani, amma ba ta ɓatar da mai sauraro. Zango kuma ki ajiye ta don tazarar da ke tsakanin alama da alama, tunda fatake na cewa tafiyar zango biyu ce, kamar yadda 'yan makaranta ke cewa zangon karatu.

Abin da tambayarki ta tuna min shi ne karin maganar nan: hangen Dala ba shiga birni ba ne. Dutsen Dala shi ne alamar matafiyi mai nufin Kano. Ya hango shi, amma da sauran tafiya. Shi dai matafiyin da ido yake aiki. Matuƙin da ya doso Kaduna cikin hazon hunturu ko hangen ba ya samu, na'ura yake bi. Sai dai akwai alama ta ƙarshe, inda tilas idonsa ya ga titi. In bai gani ba, ba ya sauka, sai ya ƙara wuta ya koma sama, ya sake kewayowa ko ya nufi wani filin kamar na Abuja ko Kano.