Me ya sa tirelar da na gina a kwamfuta take tafiya kamar kwali?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Ngaundere, ƙasar Kamaru. Mahaifina direban tirela ne, ya daɗe yana ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa zuwa Injamena. Ina gina manhajar koyon tuƙin babbar mota da Unity, wato injin haɗa wasannin kwamfuta, don yaran mota su saba kafin a damƙa musu sitiyari. Motar ta yi kyau a ido, amma da na ba Baba ya gwada sai ya yi dariya, ya ce wannan kwali ce, ba mota ba. Ina matsalar take? Ko in bar Unity in koma wani injin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Baba ya yi gaskiya, kuma kada ka yi saurin sauya injin. Wajen lissafin motsi, Unity tana aiki da PhysX na kamfanin NVIDIA, Unreal tana da Chaos, Godot kuma ta shigo da Jolt a fitowarta ta 4.4. Dukkansu sun iya lissafin faɗuwa da karo da jujjuyawar abu. Babu ɗayansu da ya zo da sanin tirela mai tan 40 a cikinsa. Wannan kai za ka koya masa.

Fara da nauyi, da kuma inda nauyin ya zauna. Yawancin masu farawa sukan rubuta adadin kilo su wuce, su bar injin ya ajiye cibiyar nauyi a tsakiyar zanen. Wasu ma sukan tura ta ƙasa da gangan don motar ta daina kifewa, to nan ne kwalin ya samo asali. Tirela mai lodi tana kifewa idan ƙarfin da ke tura ta gefe ya kai kimanin kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na nauyinta, alhali ƙaramar mota galibi zamewa take yi kafin ta kife. Lissafa da kanka: kwanar da ke da mita 35 daga tsakiyarta zuwa hanya, gudun kilomita 40 a awa kawai ya isa ya ɗaga tayoyin ciki. Idan motarka tana shan irin wannan kwana da gudun 70 lafiya lau, ƙarya take koya wa yaro. Ka raba kan mota da bodi su zama jiki biyu, ka haɗa su da mahaɗi mai juyawa a kan farantin da ke bayan kai, sannan lodi ya zama na uku mai nasa tsayin. Dilolin auduga da ake lodawa a Garwa suna tashi sama, buhunan siminti suna kwanciya ƙasa. Ko da nauyinsu ɗaya ne, hannun direba ya san ba ɗaya suke ba. Tanka mai rabin mai kuwa wata fitina ce daban, domin man yana gudu gaba idan an taka birki, ya dawo ya bugi mota. Ba sai ka lissafa ruwa ɗigo-ɗigo ba, ka rataya wani nauyi a cikin tankin kamar lilo, zai ba ka mafi yawan halin.

Sai taya, wadda ita ce komai, tunda ita kaɗai ke taɓa ƙasa. Taya ba ta bin inda aka nuna mata daidai. Idan ta shiga kwana takan ɗan murɗe, hanyar da take bi ta saɓa da inda ta fuskanta, kuma daga wannan saɓanin ne ƙarfin juya mota yake fitowa. Ƙarfin yana hawa har ya kai ƙololuwa, daga nan ya sauka, mota ta zame. Hans Pacejka na jami'ar Delft a Holand ya shahara da tsarin lissafin wannan tun shekarun 1980, kuma har yau da shi ake aiki. Tayar da Unity ke bayarwa sauƙaƙƙiya ce, layi ɗaya take harbawa ƙasa don ta san inda hanya take, shi ya sa ba ta jin bakin rami yadda ya kamata. Ka rubuta taka tayar. Ka ba kowace irin ƙasa nata riƙon: busasshiyar kwalta daban, kwalta bayan ruwan farko daban, burji daban, lakar damina ta wajen Waza zuwa Kuseri kuma kusan sabulu ce.

Yanzu ga abin da na fi so ka ba lokacinka, wato birki. Ngaundere tana sama da mita 1,000 daga teku, Garwa kuma kimanin mita 200, kuma babban kaso na wannan sauka yana gangaren nan na Mbe da kowane direban hanyar yake ambata da addu'a. A ce tan 40 ta sauko mita 500. Ƙarfin da dole a kashe ya kusa megajul 200, abin da zai tafasa ruwa duro uku. Idan direba ya bar wa birki wannan aikin shi kaɗai, duk zafin nan cikin ƙarfen birkin zai shiga, ƙarfen ya buɗe, riƙon ya ragu, ƙafa tana ƙasa mota tana ƙara gudu. Injin lissafi bai san zafi ba. A wurinsa birki lamba ce guda da ba ta gajiya. Dole ka ƙara wa birkin kowace taya ma'aunin zafi da ke hawa da taka birki, yana sauka da iska, riƙo kuma yana raguwa idan ya wuce iyaka. Ka ƙara tankin iska da ke raguwa duk lokacin da aka taka aka saki, da ɗan jinkirin da iska ke yi kafin ta isa tayoyin baya. Ka kuma sa injin mota ya riƙe ta idan tana ƙaramar giya. In ka yi waɗannan, yaron da ya shiga gangare da babbar giya zai ga sakamakonsa a allo, ba tare da an je ɗauko gawa ba. A ganina wannan darasin kaɗai ya biya wahalar aikin.

Akwai matsala ta fasaha da za ta ci maka tuwo a ƙwarya. Unity tana lissafin motsi sau 50 a daƙiƙa idan ba ka sauya ba. A gudun kilomita 72 a awa, mota tana wuce santimita 40 tsakanin lissafi da lissafi. Da sifirin mai tauri da nauyi mai yawa, za ka ga bodi yana rawa ko mahaɗin yana miƙewa kamar roba. Ka ɗaga zuwa sau 200 ko fiye, taya kuma ka lissafa ta sau da yawa a cikin kowane zagayen lissafi. Masu wasan tuƙin mota na BeamNG sau 2,000 suke yi a daƙiƙa. Idan wata rana ka buƙaci daidaito irin na injiniyoyi, ka duba Project Chrono, injin lissafin motsi na jami'o'in Wisconsin da Parma, kyauta ne kuma yana da sashen manyan motoci, sai dai yana cin kwamfuta da haƙuri.

Hanya ba ta da wuya. Taswirar OpenStreetMap za ta ba ka kwanoni, bayanan tudu na SRTM da aka auna daga sararin samaniya a shekarar 2000 su ba ka hawa da gangare, duk da cewa tazarar mita 30 ce tsakanin awo da awo, sai ka gyara da hannu. Bishiyoyi da shanu su jira tukuna. Sitiyarin wasa irin Logitech G29 digiri 900 yake juyawa, na babbar mota ya fi haka sosai, don haka ka rage saurin amsawarsa a manhaja, kuma ka samo mai kuloci da giyar hannu.

Sannan ka koma wurin Baba da littafi da biro. Tambaye shi da wace giya yake fara gangaren da lodi, tsawon wane fili yake buƙata ya tsaya daga gudun 60, a wace kwana yake jin bodi yana jan kai. Ka sa waya a motarsa tafiya guda ta naɗi gudu da wuri, ka kwatanta da abin da manhajarka ke bayarwa a wuri ɗaya. Ka gyara abu ɗaya kawai a kowane gwaji, ka zaunar da shi ya tuƙa ba tare da ka gaya masa abin da ka taɓa ba. Ka lura da ƙafarsa: ranar da ka ga ya rage giya tun kafin gangaren ya bayyana a allo, sai ka kira yaran mota.