Amsa ga mai tambaya kan fim ɗin magidancin da ya shiga karuwanci

Ɗan'uwa, ka tambaya ko The Man from Elysian Fields ya cancanci kallo ko kuwa batsa ce aka lulluɓe da labari, sannan ka ce hankalinka ya kasa ɗaukar yadda magidanci mai mata da ɗa zai yarda ya sayar da jikinsa. Na kalle shi, kuma tambayarka ta biyu ce ta sa na zauna rubuta wannan.

Fim ne na Amurka na shekarar 2001, George Hickenlooper ya ba da umarni. Andy Garcia ya fito a matsayin Byron Tiller, marubuci a garin Pasadena na jihar Kalifoniya, wanda ya bar aikin kamfanin talla ya rungumi alƙalami. Littafinsa na farko bai yi kasuwa ba, har aka zuba shi cikin waɗanda aka karya wa farashi. Na biyu kuma kamfanin ɗab'i ya ƙi karɓa. Ya nemi komawa tsohon aikinsa bai dace ba, ya je wurin surukinsa mai hali neman rance ya dawo da ƙunar rai. A wannan hali ne ya gamu da Luther Fox, wanda mawaƙin nan Mick Jagger ya taka, mai kamfanin da ke haɗa mata masu kuɗi da mazan da za su raka su. Luther mutum ne mai laushin harshe da tsaftar tufa, ba ya kiran sana'ar da sunanta. Rakiya ce kawai, in ji shi. Byron ya san ƙarya ce, amma yana bukatar wanda zai yi masa ita.

Abin da ya koro ɓera har ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. A wurin Byron ba yunwa ce ta koro shi ba. Idon matarsa Dena ne, wadda ta yi imani da shi ɗari bisa ɗari, shi kuma ya kasa buɗe baki ya ce mata ya gaza. Wannan na san shi da idona. Lokacin da aka rufe masaƙar da nake aiki, akwai abokan aikina, 'yan shekara arba'in da wani abu zuwa hamsin, da suka ci gaba da fita da sassafe cikin kaya a goge, su wuni a teburin mai shayi, su koma gida bayan la'asar kamar daga aiki suke. Ban san ko ɗaya da ya shiga irin sana'ar Byron ba. Amma na san wanda ya ci bashi da ruwa don kada kuɗin cefane ya ragu a gane, na san wanda ya sayar da sarƙar matarsa ya ce ɓarayi ne, na san wanda caca ta cinye. Dukkansu mutanen kirki ne, masu sallah a sahun gaba. Abin da suka kira rufin asiri shi ya riƙa tura su daga ƙaramar ƙarya zuwa babba, don namiji a wannan shekarun yana ganin lokacin sake farawa ya wuce, ga yara sun girma, ga sa'o'insa sun gina gidaje.

Inda fim ɗin ya fi kama ni shi ne gidan Tobias Alcott, tsohon shahararren marubuci mai fama da ciwon ajali, wanda James Coburn ya taka gab da rasuwarsa a 2002. Matarsa Andrea ce ta ɗauki Byron haya, mijin kuma ya sani, ya amince. Daga nan tsohon ya jawo shi su gyara littafinsa na ƙarshe, bisa alƙawarin za a sa sunansa a ba shi kaso. Alƙawarin baka ne, babu takarda. Byron ya zuba duk basirarsa da lokacin iyalinsa a littafin wani, tsohon ya mutu, matar ta fitar da littafin babu sunansa. Ita ba ta ga laifinta ba, don a wurinta ɗan haya ne, an kuwa biya shi. Shi ma Luther da ke koya wa mutane kada su sa zuciya a harkar, sai ga shi ya nemi auren wata da ta daɗe tana hulɗa da shi, ta kwashe da dariya a gabansa. Fuskar Jagger a wannan wurin ta daɗe tana damuna.

Ina da ƙorafi a kansa, kuma ba ƙarami ba. An yi wa sana'ar kwalliya da yawa: manyan gidaje, kwat masu tsada, mata masu ladabi. Babu cuta, babu duka, babu tsoron 'yan sanda. Wanda ya ga Midnight Cowboy na 1969, inda saurayi daga Texas ya sha sanyi da yunwa a titunan New York, zai gane bambancin. Ita ma Dena an tauye ta. Matar da aka yaudara haka ta cancanci a tsaya a nuna mana abin da ke ranta, amma labarin duk na mijin ne.

Game da batsa, akwai 'yan wuraren shimfiɗa da kalamai na manya, don haka ba na falo ba ne da yara, sai dai ba su ne jigon ba. Ƙarshensa ne ban yarda da shi ba: Byron ya koma yin sabis a gidan abinci, ya rubuta sabon littafi ya karɓu, har ƙofar sulhu da Dena ta buɗe. A cikin abokaina na masaƙa, waɗanda asirinsu ya tonu bayan dogon ɓoyo, mafi yawansu aurensu mutuwa ya yi, kuma ba wani littafi da ya zo ya cece su.