Filin Tambaya da Amsa: Ina Za a Ɗaure Batir na Biyu a Mota Mai Ɗakin Kwana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux mai gida biyu, na sa an ƙera mini ɗan ɗaki a Magazin ta Suame, unguwar makanikai da maƙera a Kumasi, wanda ake ɗora mata a baya, a sauke idan an so. Nakan je sayen kaya Techiman da Tamale, wani lokaci har Bolgatanga, in kwana a ciki. Akwai ƙaramin firji, fanka ɗaya, ƙwan fitila uku da wurin cajin waya. Ina son ƙara batir na biyu don kada in wayi gari mota ta ƙi tashi. Wani ya ce a matse shi cikin bonet, wani ya ce a rataye a ƙarƙashin mota, ni kuwa na fi son ya zauna ƙarƙashin gadona. Wanne ne daidai? Daga wani Alhaji, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Akwai wuri na huɗu da ya fi waɗannan ukun: cikin bodin baya, a kusurwar gaba, tsakanin bangon da ke jingine da gidan direba da tudun taya. Ɗakin da ake ɗorawa yawanci ba ya cike wannan lungu. Wurin ya yi nesa da zafin inji, ya yi sama da ruwa, nauyin kuma yana gaban tayoyin baya. Batir mai 100Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa) na dalma yakan kai kilo 28 zuwa 30, tsawonsa wajen santimita 33, faɗinsa 17, tsayinsa 22. Bodin mota mai gida biyu gajere ne, saboda haka a auna lungun kafin a je sayen batir, kuma a zaɓi ɓangaren da ba shi da bakin tankin mai.

Bonet yana da amfani guda: waya gajera ce. Sauran duk asara ne ga mai zuwa arewa. A watan Maris da Afrilu zafin Tamale da Bolgatanga yakan kai digiri 40, cikin bonet kuwa ya zarce haka nesa ba kusa ba. Ƙa'idar da masu batir ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana cinye kusan rabin kwanan batirin dalma. Ga kuma ƙarfen gefen inji siriri ne. A ɗora masa kilo 30 a shiga hanyar gargada, sai ya fara tsagewa daga wurin bol. Idan motarka ta zo da mazaunin batir na biyu daga kamfani, batir mai ruwa zai iya zama a can. AGM, wato batirin dalma rufaffe da ba a ƙara masa ruwa, ba ya son wannan zafin, litiyam kuwa kada a kai shi kusa.

Ƙarƙashin mota yana da sanyi, ba ya cin wuri. Sai dai duk wanda ya san Aboabo da damina ya san inda ruwa ke kaiwa. Laka da jar ƙura suna taruwa a saman batir, su jiƙe, wuta ta riƙa zirara tsakanin kawunan biyu. Batirin da sai an kwanta ƙasa kafin a gan shi, ba mai duba ruwansa. In ya zama dole, a yi masa akwatin ƙarfe, a ɗaure da ramukan da shasi ya zo da su. Kada mai walda ya taɓa shasi, kada a huda leɓensa na sama ko na ƙasa.

Ƙarƙashin gado shi ne muke ƙi ƙwarai. Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, ba ta da wari, kuma idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Ɗakin kwana rufe yake, sau da yawa ga tukunyar gas ta girki a gefe. Ba a haɗa batir da tukunyar gas a ma'aji ɗaya, ko wane iri ne batirin. Sharaɗin sa batirin dalma a ciki shi ne akwati mai murfin da ya toshe ta ɓangaren ɗaki, da bututu daga samansa zuwa waje, domin haidurojin sama take tashi. Litiyam irin LiFePO4 ba ya fitar da wannan iska a aikinsa na yau da kullum, nauyinsa kilo 12 zuwa 13 ne, shi kaɗai za mu yarda ya kwana da kai.

Yanzu ɗaurin. A yi faranti da ƙarfen kusurwa mai kaurin milimita 3, daidai da gindin batir, a shimfiɗa roba a ciki. Bol huɗu masu lamba M8 za su ratsa daɓen bodi, kowanne da ɗan farantin ƙarfe mai faɗin santimita 5 a ƙasa, domin washa ƙarama takan ɓula daɓen ta fita. Kafin a huda, mutum ya shiga ƙasa da tocila ya ga abin da ke wurin: tanki, bututun mai, wayoyin fitilun baya. A zura wa bakin mahudi guntun katako, ya rage santimita 1 kawai a waje, don kada ya faɗa ciki da ƙarfi. A shafa fenti a ramukan. Daga sama a danne batir da sandar ƙarfe da dogayen bol biyu. Igiyar robar cikin taya da muke gani an naɗe batir da ita ba ɗauri ba ce. Rana takan dafa ta, birki ɗaya mai ƙarfi batir ya tashi. Kan da ke da alamar + a rufe shi da hular roba, kada sifana ko jak ya faɗa a kai.

Wanda ya zaɓi baya, to ya shirya biyan kuɗin waya. Daga batirin gaba zuwa wannan lungu mita 6 ne ko kusa, zuwa da dawowa 12. Idan 25A ke bi, waya mai kaurin 6mm² za ta zubar da kusan 0.9V a hanya, mai 16mm² kuwa kusan 0.3V. Wannan bambancin shi ke raba batirin da ke cika da wanda ba ya cika. A sayi 16mm² ta jan ƙarfe zalla, a zura ta cikin bututun roba, a bi da ita jikin shasi, a kama duk santimita 30, nesa da salansa, ba a jikin bututun birki ba. Duk inda ta ratsa ƙarfe a sa zoben roba. Fis biyu ake sawa, 50A ko 60A, ɗaya kusa da kowane batir, kada ya wuce santimita 20 daga kan batirin. Dalili kuwa, idan waya ta goge ta taɓa bodi a tsakiya, batiran biyu ne za su hura mata wuta. Tsakanin batir da ɗaki a sa filogin Anderson (babban filogin haɗa wayoyin batir) mai 50A, ranar sauke ɗaki sai a zare shi kawai.

Lissafin kayanka: firji a lokacin zafi 30Ah zuwa 50Ah a yini da dare, fanka wajen 12Ah, fitilu da waya 6Ah. Batirin dalma mai 100Ah rabinsa ne naka in kana son ya yi ƙarko. Da ƙyar zai riƙe ka kwana ɗaya. Idan mota za ta yini biyu a tsaye a kasuwar Techiman, sai ka ƙara faifan sola a rufin ɗaki.

Tambaya: Na riga na sa nawa a baya. Ina tashi daga Kumasi in isa Tamale, amma kafin asuba firji ya mutu. Batirin sabo ne. Daga wani mai karatu, Zangon Tafo.

Amsa: Malam, kafin ka zargi batir, nemi mitar auna wuta. Da safe, lokacin da batirin baya ya yi ƙasa, a tayar da mota a auna kan batirin gaba. Ya kamata a ga 13.8V zuwa 14.4V. A auna na baya. Idan tazarar ta wuce 0.4V, wuta tana ɓacewa a hanya. A kankare bakin wayar da wuƙa: in cikinta ya fito fari, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, kuma wajen kashi biyu cikin uku kawai take ɗauka na abin da ta gaske za ta ɗauka. Sai a duba baƙar waya, wato ta kan da ke da alamar −. Da yawa suna ɗaure ta a jikin bodin baya, kan fenti, alhali bodin bol 'yan kaɗan ne suka haɗa shi da shasi, su ma sun yi tsatsa. A kai ta jikin shasi, a goge wurin har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure, a shafa giris.

Idan kuwa batirin gaba da kansa yana sauka ƙasa da 13V ana cikin tafiya, motarka na da altaneta (na'urar da ke cajin batir idan inji yana aiki) irin ta zamani da kwamfuta ke rage wa aiki. Wannan sai cajar DC-DC, wato mai ɗaukar wuta daga batirin gaba ta daidaita ta don cajin na baya, mai 20A ko 25A, a ɗaura ta kusa da batirin baya. A irin waɗannan motoci akwai ɗan na'ura a kan baƙin kan batirin gaba, ba a ɗaure wata waya a kai kai tsaye, sai a jikin shasi. Duba kuma ko batirin tayar da mota aka sayar maka; shi ba a yi shi don a zuƙe shi kowane dare ba. Mai rubutun deep cycle a jiki ake nema, shi ne aka yi don a riƙa zuƙe shi ana sake cajinsa.

Tambaya: Ina ɗaukar fura da burkina a firji zuwa kasuwannin ƙauye. Ba za a iya haɗa batiran biyu da waya ɗaya kawai ba? Daga wata Hajiya, Asawase.

Amsa: Hajiya, a'a. Firji zai sha su tare, ki rasa na tayar da mota. A sa rile (makunni mai aiki da kansa) mai rabawa, irin wanda ke haɗa su idan wuta ta kai wajen 13.3V, ya raba su idan ta sauka zuwa wajen 12.8V. Bayan an gama aiki, ki sa a kashe mota, a kunna fitilun gaba na ɗan lokaci, a saurari ƙarar rabuwarsa, sannan a cire fis na gaba: in firji ya ci gaba da aiki, daga batirin baya yake sha.