Kayan goge bindiga a Maraɗi: a zuba jari ko a dakata?

Tambaya: Ina da shagon kayan ƙarfe kusa da babbar kasuwar Maraɗi. Mafarauta kan tambaye ni man bindiga da burushin goge cikin bututu. Ina da jaka 500, ina son in saro su daga Kano. Ya kake gani?

Amsa: Alhaji, kada ka zuba kuɗin gaba ɗaya. Masu tambaya ba su ne masu saye ba, kuma ƙaramar kwalbar mai guda tana kai maharbi shekara. Kayan da ba a dawowa nemansu sai baɗi kwantar da jari suke yi. Ga shi farauta ta rani ce, dokar farauta ta 1998 ta ɗaure ta da izini, gandun dajin Gadabeji kuwa ba a harbi cikinsa. Sojoji da jandarmomi kuma hukuma ke ba su kayansu, ba za su zo shagonka ba.

Saro abin da ke da masu saye da yawa. Man hana tsatsa irin WD-40, siririn man keken ɗinki, tsumman auduga, ƙananan sukundireba: tela zai saya, bakaniken babur zai saya, maharbi ma haka. Laimar damina na kawo tsatsa, ƙurar hunturu na cinye ƙarfe, to cinikinsu ba ya yankewa. Abin da ya keɓanta da bindiga, wato sandar goge bututu da burushin tagulla, ɗauko kaɗan, na bindiga mai bututu lamba 12, don ita ce bindigar farauta da aka fi riƙewa. Ka riƙa gaya wa masu saye su bar shafa man gyaɗa, ko da yake nan garinsa ne. Daskarewa yake ya zama danƙo.

Inda na fi jin tsoro shi ne wanda zai saya. Ka san halin da ake ciki a Madarunfa da Gidan Runji saboda ƴan bindigar kan iyaka. Riƙe bindiga a Nijar sai da izinin ma'aikatar cikin gida, saboda haka wanda bai nuna maka takarda ba, kada ka sayar masa da kayan bututu, ko nawa ya taya. Buɗe littafi, ka riƙa rubuta suna da lambar takarda. Harsashi, albarushi da sassan bindiga kuwa, ko kusa kada ka je. Wannan fatauci ne mai lasisinsa daban.

Kafin ka tafi Kano, leƙa ofishin jandarma da na duwan ka faɗi abin da za ka shigo da shi ta kan iyakar Ɗan Isa, ka kuma riƙe rasit na kowane kwali. Lissafa canjin naira da sefa na ranar, da kuɗin mota da na duwan, kafin ka yanka farashi. Fara da jaka 100, kashi uku cikin huɗu a kan man tsatsa da na keke. Idan suka ƙare cikin wata uku, sai ka ƙara.