Ku Tambayi Makiyayi: Zomayena sun ƙi haihuwa, ko an cuce ni ne?

Jama'a barkanmu da wannan sati. Saƙonni a kan zomo sun taru sosai, na ɗauko guda uku, amma na farkon kam zai ci mana wuri don kusan rabin masu rubutowa matsalarsu kenan.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗalibi ne a Yelwa nan Bauchi. Cikin Fabrairu na tara ɗan kuɗina na sayi manyan zomaye uku, namiji ɗaya mata biyu, mai sayarwa ya ce Flemish Giant ne. Na haɗa su a keji ɗaya jikin katanga, na rufa kwano a kai. Ga shi Mayu ta kusa ƙarewa ko ɗa ɗaya babu, kullum suna kwance suna haki. An cuce ni ne?

AMSA: Ƙanena sannu da ƙoƙari, amma ni kam ban ga cuta a nan ba, rana ce take gasa maka dabbobi. Zomo ba ya gumi irin namu, ta kunne da haki yake fitar da zafin jiki, da zarar zafi ya haura digiri 30 ya fara shan wuya, to kai ka san Bauchi a Maris da Afrilu har kusan 40 ake kaiwa, kuma ka zo ka kifa musu kwano a ka jikin katangar da ta wuni tana shan rana, ai murhu ka gina musu. Namijin ne ma ya fi jigata, zafi yana kashe masa ƙarfin maniyyi, zai yi barbara ka ga kamar komai lafiya amma ciki ba zai shiga ba, kuma ko damina ta sauka sai ya ɗauki makonni kafin ya dawo daidai.

Sannan irin da ka ɗauko ɗin. Flemish Giant asalinsa Beljiyam ne, ƙasar sanyi, yana iya wuce kilo 6, ci gare shi ba wasa, kuma sai ya kai wata 8 zuwa 9 kafin ya isa barbara, wato in ƙanana aka sayar maka ma ƙila lokacinsu ne bai yi ba. Na san abin da ya ja ka, girman nan ne, ni ma da na fara haka na yi, na ga ƙato a hoto na kwashi kuɗi na sayo biyu, bazara ɗaya ta raba ni da su. Mai kiwo a bayan gida a nan yankinmu matsakaici ya fi masa: New Zealand White, farin nan mai jan ido (sunan ne kawai, a Amurka aka samar da shi), ko Californian, shi ma fari amma kunne da hanci da ƙafafu baƙi, ko Chinchilla mai ruwan toka, ko ɗan ƙaramin nan Dutch mai farin ɗamara. Su a wata 5 zuwa 6 sun isa. Angora mai gashi buzu-buzu kuwa kar ka ma kalle shi, don gashinsa ake kiwonsa, wa zai saya a wurinka? Kuma in faɗa maka gaskiya yawancin abin da ake sayarwa da manyan sunayen nan a kasuwa ruwa biyu ne, kuma ba laifi ba ne, ruwa biyun da aka haifa a nan ya fi jure zafinmu. Ni in zan saya ba suna nake tambaya ba, cewa nake a nuna min uwar, 'ya'ya nawa take haifa, nawa take yayewa. Wadda ke haifan 7 ta yaye 6 ta fi min ƙatuwar da ke haifan 10 ta bar 2.

Abin yi yanzu, ka janye kejin zuwa ƙarƙashin darbejiya ko rumfa inda iska ke ratsawa, ka shimfiɗa zana ko ciyawa a kan kwanon, da rana ka jiƙa buhun algarara ka rataya a gefen da iska ke shigowa, ruwan sha kuma kar ya yanke ko na awa ɗaya. Masu cewa zomo ba ya shan ruwa wallahi sun kashe zomaye da yawa. Sai ka raba su, kowa ɗakinsa. In za a yi barbara macen ake ɗauka a kai wa namiji, kar ka kai shi ɗakinta, za ta yi masa faɗa don wurinta ne. Da sassafe ko bayan magariba za ka kai ta, ka tsaya kana kallo, in ka ga ya hau ya faɗi gefe da ɗan ƙara to an gama, ka mayar da ita ka rubuta ranar a jikin kejin ko da gawayi ne. Cikin zomo kwana 30 zuwa 32 ne. Namiji ɗaya ya ishi mata 8 har 10, don haka kar ka ƙaro wani yanzu.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Daga Pantami a Gombe nake. Yarana ne ke kiwon zomo a ƙasa a wani ɗan kango, suna haƙa rami su haihu a ciki, amma sai mu ga 'ya'ya biyu ko uku ne suka fito. Da muka tone sau ɗaya mun ga uwar ba ta zuwa shayar da su. In sa a yi musu keji ne?

AMSA: Hajiya ina gajiya, Allah ya yi wa yaran albarka. Kiwon rami ba shirme ba ne fa, ramin yana da sanyi da bazara, shi ya sa na yaranki ke haihuwa lokacin da na ɗalibin can suka ƙi. Illarsa ba kya ganin abin da ke ciki, gafiya da maciji da kwarkwasa duk suna shiga, ruwan Agusta ya cika ramin, ga kashi da fitsari suna cakuɗa da abinci su kawo zawon da ke kwashe ƙanana. Ki sa kafinta ya yi miki keji, kowace uwa ɗaki mai tsawon ƙafa 3, faɗi ƙafa 2, tsayi ƙafa ɗaya da rabi, a ɗaga shi daga ƙasa kamar ƙafa 3. Ƙasan a sa wayar raga mai ƙananan ido, wadda kashi zai zuba amma ƙafar jariri ba za ta zurma ba, katakon kuma ya zama ta waje don zomo gwanin gaigaya ne. Ƙafafun kejin a tsoma su cikin gwangwani mai baƙin mai saboda tururuwa da gara.

A kwana na 28 da barbara ki sa mata ɗan akwati da busasshiyar ciyawa, da kanta za ta tsige gashin cikinta ta yi shimfiɗa. Maganar shayarwa kuwa kar ki zarge ta, zomanya sau ɗaya take shayarwa a yini, da wuya ta yi biyu, 'yan mintuna kaɗan, yawanci cikin dare ko da asuba, shi ya sa ba kwa gani. Ki duba cikin 'ya'yan da safe, in ya yi tim to sun sha. Tsirara ake haifansu ido a rufe, sai wajen kwana 10 suke buɗewa, da hunturu a rufe gefen kejin da buhu da dare don sanyin Disamba da Janairu na kashe su. A yaye su a sati 5 zuwa 6. Ki ja wa yaran kunne su daina ɗaga zomo ta kunne, fatar kafaɗa ake kamawa a tallabi ƙugu. Uwa mai shayarwa kuma ganyen kabeji da latas kaɗai ba za su riƙe ta ba, a ba ta harawar wake ko ta gyaɗa, dusa da ɗan garin ƙuli-ƙuli, da ganyen zogale ko na dankalin Hausa da ya ɗan sha iska.

TAMBAYA: Yallaɓai daga Azare. Namijina ɗaya shekara biyu kenan, har jikokinsa yake bi, yanzu 'ya'yan sun fara ƙanƙancewa. Mene ne mafita?

AMSA: Ɗan'uwa jini ne ya yi kusa da yawa. Ka nemi mai kiwon da zomayenku ba su haɗa dangi ba ku yi musayar namiji, tsohon kuma ya shiga tukunya. Amma sabon kar ka haɗa shi da naka ranar da ya zo, ka ware shi can gefe sati biyu, ka duba cikin kunne da hanci da ƙafa ko akwai ƙazuwa, in akwai likitan dabbobi zai yi masa allurar ivermectin. A 2020 wata annobar zomaye mai sa zubar jini ta ɓulla a Kwara da Oyo ta kwashe gonaki da dama, tun daga lokacin ni ko kyauta aka ba ni zomo daga nesa sai ya yi sati biyunsa a bayan ɗakin kaji.